Bindigar Clarrie da Ba Ta Harbi

Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan kantar gidan wayar Yarrenga, kuma a duk tsawonsu ban ga mutumin da ya kai Clarrie Raabe cika mini ciki ba. Ƙarfe tara da rabi yake shigowa, ko yana da wasiƙa ko ba shi da ita, da jar ƙasar gonar gyaɗa cike da takalminsa, ya shimfiɗa mini ita a daɓen da na gama gogewa.

"Uwar wasiƙu, yau wace budurwar ce ta rubuto mini?"

"Kamfanin wuta ne. Sun ce suna sonka ƙwarai. Ka goge ƙafarka, tsohon banza."

"Ƙasar nan ce take ciyar da ke, Glenys. Ki gaishe ta da ladabi."

Haka muke yi kullum. Idan bai zo ba kuma, sai in kama kaina ina leƙen titi.

Makanikin injin casar gyaɗa ne. Tun yana da shekara goma sha biyar yake kwanciya a ƙarƙashin injuna, har ya kai idan inji ya yi tari daga gona ta uku, yana zaune a mashaya zai gaya maka wane bel ne ya saki. Bai taɓa yin soja ba, kuma wannan ne ciwon da ya yi ta yawo da shi. A zamanin yaƙin Vietnam ƙuri'a ake jefawa da ranakun haihuwa, wanda ranarsa ta fito ya tafi. Ta Clarrie ba ta fito ba. Bayan shekara biyu ta ƙanensa Errol ta fito. Errol ɗin da ko kaza ba ya iya yankawa, wanda Clarrie ke tare wa faɗa tun suna makaranta. Clarrie ne ya kai shi tashar jirgin ƙasa a motar gona, kuma bai sake ganinsa ba sai a cikin akwati, shi ma ba a yarda an buɗe ba.

Sunan Errol yana jikin dutsen tunawa da ke tsakiyar gari, can ƙasa, ta ɓangaren da ke kallon rumbunan gyaɗa. Kowace shekara, ranar ashirin da biyar ga Afrilu, ranar Anzac, duk garin kan taru a gaban dutsen kafin gari ya waye don tuna sojojinmu da ba su dawo ba. Mutum huɗu ke gadin dutsen, ɗaya a kowace kusurwa, sun ba shi baya. Kowanne ya kifa bindigarsa, bakinta a kan takalmi, gindinta a sama, ya ɗora tafukansa biyu a kan gindin, ya sunkuyar da kai. Haka za su tsaya kusan rabin sa'a, ko ƙuda ya sauka a hancin mutum ba ya kora. Garinmu ya yi ƙanƙanta a turo mana sojan gaske, don haka wasu maza huɗu da ke sa kakin sojojin zamanin da, su ne ke yi. Clarrie ya riƙe kusurwar Errol shekara arba'in da ɗaya, da tsohuwar bindigar ubansu, da lambobin yabon Errol a ƙirjinsa na dama, inda dangi ke maƙala na mamacinsu.

Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Kai da ka ba shi baya, ko sunan ba ka gani. Me ka tsaya yi?"

Ya ce, "To mai gadi yana kallon abin da yake gadi ne? Waje yake kallo, inda ɓarawo zai fito."

Sai aka yi shekarar da Noelene, matarsa, ta rasu. Watan Agusta ne. Clarrie ya zama kamar gidan da aka kwashe kayan ciki. Yana zuwa gidan waya dai, amma ba ya tambayar budurwa, har ƙafa yake gogewa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana cikin watan Oktoba, a mashaya, ya faɗa wa abokinsa Wal Truscott wata magana a kan kabad ɗin da yake kulle bindiga, da cewa hanyar zuwa wurin Noelene ba ta da nisa. Wal, wanda shi ma yana cikin masu gadin dutsen, bai yi barci a kan maganar ba. Ya buga wa Janelle waya, 'yar Clarrie tilo, da ke aikin jinya a Brisbane. Washegari da hantsi sai ga ta da sajan ɗin 'yan sandan yankinmu a ƙofar gidan.

Abin da ta gaya wa ubanta kowa ya ji shi daga baya, don a Yarrenga magana ba ta kwana. Ta ce, "Baba, ko bindigar ko ni. Na binne Mama, ba zan zo in wanke bango ba."

Shi da kansa ya miƙa makulli. Shi ya sa hannu a takardar. Aka tafi da bindigar aka yanka ta gida uku, lasisinsa ma ya bi ta. Clarrie ya yafe wa Wal a cikin mako guda, ya ce ai Wal wawa ne tun asali, ba a fushi da wawa. Amma Janelle, ko wayarta ta shigo sai ya bar ta ta yi ta kuka a kan tebur. Ni a ganina yarinyar ta yi daidai, kuma na gaya masa a fuskarsa. Kwana huɗu bai zo ba.

Akwai wani abu da ni na sani, shi ma ya san na sani, amma ba mu taɓa furta shi ba. Shekara uku kafin wannan hannayensa suka fara rawa. Da farko na dama ne, babban yatsa kawai, daga baya duka biyun. Ya koyi tusa su a aljihu. Ya daina shan shayi a gaban mutane. Idan takarda ta zo da za a cike, sai in fizge ta in ce rubutunsa kamar tsakurar kaza, ba zan bar shi ya ɓata wa gwamnati takarda ba. Ya zage ni, in zage shi, in cike masa, ya sa hannu da sauri ya mayar aljihu.

Cikin watan Fabrairu ya shigo da wata tsohuwar mujalla a hammata, ya jira har kanti ya watse.

"Glenys, wannan akwatin naki yana iya sayo kaya daga waje?"

"Kwamfuta sunanta. Me kake so, sabuwar mata?"

Ya buɗe mujallar. Hoton bindiga ne irin ta ubansu sak, mai guntun hanci, katako har baki. Amma ta kwaikwayo ce. Ƙarfe ne da itace, tana da kunama, ana ja ana turawa ta yi ƙara, sai dai bakinta a toshe yake, ba ramin harsashi ko kaɗan.

"Ba ni da izinin taɓa ta gaske, ko ta Wal ce," in ji shi. "Wannan kuwa sajan ya ce ba ta son lasisi, tunda ina da dalili. In dai zan kulle ta a kabad."

Gaskiya sajan ya faɗa masa. Tambayar da aka yi masa ya amsa: mutum zai iya ajiye ta a gida? Ba wanda ya tambaye shi yadda za ta shigo ƙasar.

A nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na bincika, na ga wani kanti a Brisbane yana sayar da ita, na kuma ga wani a ƙasar waje da ya fi araha nesa ba kusa ba. Clarrie ɗan fansho ne. Ni kuma, uwar iyayi, shekara talatin ina auna ƙunshi, na ɗauka ba abin da ban sani ba a harkar shigo da kaya. Jikokin Wal ba ga su nan suna ta harbin juna a bayan gida da bindigogin nan masu tofa ƙwallayen ruwa ba? A wani kanti a garin Kingaroy ake sayar da su, a fili, kusa da kayan kamun kifi. Su da suke harbi ma ke nan. Ina ga wadda ko ƙwayar gyaɗa ba ta iya tofawa?

"Ba ta son wata takarda?" Sau biyu ya tambaye ni.

"Haba, Clarrie. Abin wasa ne fa. Ai tsintsiyata ta fi ta haɗari."

Akwai wani layi da jan rubutu a shafin mai kantin, wai alhakin sanin dokar ƙasa yana wuyan mai saye. Na gan shi. Na danna na wuce, kamar yadda kowa ke yi.

Daga ranar Clarrie ya dawo Clarrie. Ya koma shigo mini da ƙasa. "Uwar wasiƙu, amaryata ta iso?" In ce tana bisa ruwa. Ya fito da kakin ya shanya, ya goge maɓallai, ya je aka yi masa aski tun da sauran wata guda. Mako uku, huɗu, biyar. Kowace safiya idan motar wasiƙu ta tsaya, idona dogon kwali yake nema.

Ranar goma sha biyu ga Afrilu abin ya zo, kuma ba kwali ba ne. Farar ambulan ce mai tambarin kwastan. Ina ganinta na gane ta, don na sha miƙa wa mutane irinta, masu odar iri da wuƙaƙe da magungunan ƙarfin jiki. Na ajiye masa ita a kan kanta. Ya yage ta, ya ɗaga, takardar tana kaɗawa a hannunsa har ba ya iya bin layi. Ya miƙo mini.

"Karanta. Na bar tabarau a gida."

Tabaran suna aljihun gabansa. Na karanta. An riƙe kayan a bakin shigowa. Duk abin da aka ƙera ya yi kama da bindigar gaske, ko yana harbi ko ba ya harbi, ba ya shiga ƙasar sai da takardar amincewar 'yan sandan jihar mai saye, kuma tun kafin kayan su iso ake nemanta. Yana da 'yan makonni ya nemi kayansa ta hanyar da doka ta tsara, in ba haka ba a lalata su.

Ya ce, "Ita ma gida uku za su yanka ta?"

Na rufe kanti da tsakar rana, abin da ban yi ba ko ranar da aka haifi jikata. Na kira lambar da ke jikin takardar, na shirya masifa. Matar da ta ɗauka ba ta ba ni wurin sauke ta ba, don magana take yi a hankali kamar mai lallashin mara lafiya.

Na ce, "Baiwar Allah, abin nan ba ya harbi. Jiharmu ta yarda ya ajiye."

Ta ce, "Na sani. Abin da mutum zai ajiye a gidansa maganar jiha ce. Abin da zai ƙetare iyaka kuma maganarmu ce. Doka biyu ce, kowace da ƙofarta."

"To na yara da ake sayarwa a kanti fa?"

"Mai kantin ya yi takardunsa kafin ya shigo da su. Kuma ki tuna, wanda aka nuna wa irin wannan a bayan kanta ba ya tsayawa duba ko bakinta a toshe yake. Ke da kike aikin gidan waya ai kin fi ni sani."

Na fi ta sani kuwa. An taɓa nuna wa wata abokiyar aikina irinta a wani gari, kuma ba ta sake iya tsayawa a bayan kanta ba.

Na kira ofishin da ke ba da takardar. Suka ce za a iya nema, amma tana ɗaukar makonni, balle mutumin da aka karɓe wa lasisi kwanan nan, dole a duba fayil ɗinsa, wataƙila a nemi takardar likita, a ji ta bakin wadda ta kai rahoto. Saura kwana goma sha uku. Na kira kantin Brisbane ɗin da na ƙi tun farko. Mai kantin har dariya ya yi.

"A watan Afrilu? Uwargida, tun Maris suka ƙare. Kowace shekara haka ne. Sai Yuni. Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Na kira kantuna shida. Da na saya a wurin na Brisbane ɗin tun Fabrairu, da kwana uku ta iso, ba takarda ba komai.

Washegari sai ga Wal, ya samu Clarrie zaune a bencin ƙofar gidan waya. Ya zo da wani abu naɗe a tsohon bargo, yana wani ɓoye-ɓoye kamar mai satar kaji. Ya buɗe. Bindigar jikansa ce ta roba, baƙa, mai jan baki, da wata kwalba a samanta cike da ƙwallayen ruwa.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Idan liman ya tsawaita addu'a sai ka ɗan tofa masa ɗaya a ƙeya."

"Naɗe abin nan kafin sajan ya wuce ya kama mu duka," na ce masa.

"Wal," in ji Clarrie, "tun muna aji uku nake jira ka yi hankali. Na haƙura."

"To in sassaƙa maka ta katako? Ina da guntun itace mai kyau. In shafa mata baƙin fenti, a duhun asuba wa zai gane? Rabin masu zuwa ba sa gani, sauran rabin barci suke a tsaye."

"Ba na so."

Ni kuma haushin kaina ya sa na huce a kansa. "Kai ma ka cika taurin kai! Wadda muka saya ɗin ta gaske ce? Ƙarya ce, wannan ma ƙarya ce. Ka karɓi ta katakon mana a wuce wurin!"

Ya dube ni, ya dubi Wal. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zaro hannayensa biyu daga aljihu ya miƙa su a gabanmu. Suna ta rawa kamar ganyen da iska ke kaɗawa. Wal ya kau da kai.

"Ba kamar nake nema ba, Glenys. Nauyin nake nema. Ta Baba kilo huɗu ce. Idan na kafa ta a kan takalmi na danna hannuna a kai, sai su tsaya cak. Shekara uku ke nan ina yi, ba wanda ya gane. Katakon Wal ba zai riƙe su ba, tare za su yi ta rawa." Ya mayar da su aljihu. "Wannan shekarar ce ta ƙarshe, na sani. So nake a gan ni a tsaye sosai, sau ɗaya, in sauka da mutuncina. Shi ke nan abin da na roƙa."

Allah ya sani na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa laifina ne. Ya ce, "Na sani," bai ƙara ba, bai rage ba. Wal ya sassaƙa ta katakon, ya gwada cusa mata ƙarfe a ciki, abin ya fito wani iri, gindin ya tsage. Aka ce a tsayar da wani a kusurwar, Clarrie ya zauna a kujerun gaba tare da tsofaffi. Ya ce kusurwar Errol ba ta da wani mai gadi tukuna.

A daren jajibirin ban tambayi kowa ba na nemo lambar Janelle na kira ta. Shiga sharo ba shanu ne, na sani, amma wanda ya riga ya ɓata abu ba ya jin kunyar ƙara sa hannu. Na gaya mata komai, har da hannayen.

"Tun yaushe, Anti Glenys?"

"Shekara uku."

"Ni ma'aikaciyar jinya ce fa," ta ce, muryarta ta karye. "Ban gani ba."

"A aljihu yake ajiye su, 'yata."

Da asuba sanyi ya sauko sosai. Mutum kusan ɗari biyu a gaban dutsen, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Masu gadi suka fito a jere, taku a hankali. Uku da bindigogi a kafaɗa. Na huɗu hannu wofi, kakinsa a goge, lambobin Errol guda huɗu suna ƙyalli a ƙirjinsa na dama. Ya isa kusurwarsa ya juya. Aka ba da umarni, ukun suka kifa bindigoginsu. Clarrie ma ya yi duk motsin, ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya tsallake, sannan ya ɗora tafinsa na dama a kan iska daidai inda gindin bindiga ke tsayawa, ya ɗora na hagu a kai, ya sunkuyar da kai.

Lokacin addu'a da jawabi ba a lura sosai ba, akwai duhu, akwai murya. Sai aka busa begila, aka shiga shirun minti ɗaya. A shirun nan ko tari mutum ke ji sai ya haɗiye. Sai muka fara jin wata 'yar ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, kamar cokali a jikin kofi. Rawar ta hau daga hannayensa zuwa kafaɗa, lambobin Errol suna bugun juna. Gari ya fara haske, kowa yana gani. Hannayen suna tsalle a kan iska, shi kuma ya ƙi sauke su. Ina ganin jijiyar wuyansa ta miƙe don ƙoƙarin danne su. Mutane suka riƙa sunkuyar da kai, ba don mamata ba, don kada su kalle shi. Ni na kalla. Na ga ya kamata ni dai in kalla.

Ban san Janelle ta iso ba sai da na ga mace ta fito daga cikin taro da rigar aikinta a ƙarƙashin kwat, da alama daga asibiti ta kamo hanya. Ba a shiga filin nan. Ko karen gari ya san ba a shiga. Ta taka ciyawar har gabansa, ta tsaya, ta sa hannayenta biyu a ƙarƙashin nasa ta tallafe. Na ga ya danna, na ga gwiwar hannunta ta ɗan lanƙwasa ta sake miƙewa. Ƙarar ba ta tsaya duka ba, amma ta ragu har sai wanda ke kusa zai ji. Bai ɗaga kai ba. Haka suka tsaya har aka sake busa begila.

Bayan an watse, a zauren da ake raba kofi da soyayyen ƙwai, ya same ta a bakin ƙofa.

"Ba a shiga fili, yarinya."

"Na sani, Baba."

"Kuma ba ki kai kilo huɗu ba." Ya ɗan tsaya. "Kin ci abinci?"

Iyakar sulhun ke nan, kuma ya isa. Amma kada wani ya ce mini abin ya ƙare da daɗi. Mutane sun yi ta zuwa suna dafa kafaɗarsa, suna cewa sannu, Clarrie, ashe ba ka da lafiya, ai da ka faɗa. Kowace sannu ina ganin yadda take shigarsa. Abin da ya ɓoye shekara uku an gan shi a minti ɗaya, a ranar da ya fi so a gan shi lafiya. Kafin ya bar zauren ya gaya wa Wal a nemi wani a kusurwar baɗi. Ya daina zuwa mashaya. Gidan waya ma sai ranar Juma'a, da yamma, lokacin da ba kowa, kuma yana goge ƙafa.

Janelle ce ta bi takardun, ta nemi kayan kafin wa'adin lalata su ya cika. Ta kai shi wurin likita, ta rubuta wa 'yan sanda da hannunta cewa ubanta ba shi ne mutumin watan Oktoba ba, ta yi ta kira har aka ba da amincewa, aka saki kayan. Ranar sha tara ga Yuli dogon kwalin ya sauko daga motar wasiƙu. Ban aika masa katin sanarwa ya zo ya karɓa ba. Na tashi aiki na sa shi a motata na kai masa.

Yana zaune a baranda da bargo a gwiwa. Ya rame. Na ajiye kwalin, na yanke masa igiyar, don na san ba zai iya ba.

"Amaryarka," na ce. "Ta yi latti."

"Duk haka suke."

Ya zaro ta, ya juya ta, ya ja kunamar ya tura, ta yi ƙara. Ya ce katakon bai kai na Baba ba. Ya auna ta a hannu. Sannan ya ture bargon, ya dafa ginshiƙi ya miƙe, da silifa a ƙafarsa da tsohuwar rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu. Ya juya wa ƙofar gidan baya, ya fuskanci gonar da aka riga aka cire gyaɗa. Ya kifa bindigar, bakinta a kan silifa, ya ɗora dama, ya ɗora hagu, ya danna, ya sunkuyar da kai.

Hannayen suka tsaya. Cak, kamar an kashe inji. Ko yatsa ɗaya bai motsa ba. Na tsaya a bakin matakala da makullin mota a hannu, na dunƙule shi don kada ya yi ƙara. Ban san tsawon lokacin ba, ya fi minti ɗaya dai. Ba kowa a wurin sai ni da wani hankaka a kan waya.

Ya ɗago kai.

"Kin gani, Glenys? Da haka za su gan ni."

"Na gani."

"To, ki riƙe."

Cikin watan Nuwamba ya faɗi a banɗaki, Janelle ta ɗauke shi zuwa wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Bai kai Afrilu ba. Bindigar tana kulle a kabad ɗin Wal, wani saurayi ɗan gidan Truscott ne ke riƙe ta a kusurwar Errol yanzu, kuma yana tsayawa da kyau, ban ce ba.

Har yau idan hira ta biyo ta kan Clarrie a bakin kantata, abu ɗaya ake tunawa. "Allah sarki, kin tuna shekarar da hannunsa ya yi ta rawa?" Sai in ajiye abin da nake yi in ce musu ba wannan ce tsayuwarsa ta ƙarshe ba, akwai wata a watan Yuli, a barandarsa, kuma ko yatsa bai motsa ba. Sukan gyaɗa kai don kada su ɓata mini rai, su karɓi wasiƙunsu su fita. Ba wanda ya gani sai ni, kuma ni ce na hana su gani.